Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Tarihin Cinikin Mota a Kaduna da Jidda Lokacin Faɗuwar Man Fetur

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata tambaya ce da wani dattijo ya yi mini a nan Jidda. Wata rana motar wani abokina ta samu matsala, muka tura ta zuwa sina'iyya, wato unguwar kanikawa. Muna tsaye muna hira da Hausa, sai wani dattijon bakanike ya fito daga ƙarƙashin wata Toyota ya yi mana sallama. Ashe mutumin Kaduna ne, a Panteka ya koyi sana'a tun yana saurayi, kuma a kan Peugeot, wadda muke kira Fijo, ya ƙware. Ya ce rabonsa da kwance injin Fijo har ya manta. Da ya ji cewa mu ɗalibai ne, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ku da kuke karatu ku gaya mini. Man fetur ɗin da ya faɗi mana, shi ne ya faɗi wa Larabawa. Me ya sa kamfanin Fijo na Kaduna ya durƙushe, amma masu Toyota na nan suna nan daram?" Na ce, "Baba, a ba ni lokaci in bincika." Wannan maƙala ita ce amsar da na samo masa.

Yadda kamfanin mota ke samun riba

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya riƙe abubuwa biyu. Na farko, mota ba kamar shinkafa ba ce. Komai tsananin rayuwa sai an ci abinci, amma mai niyyar sayen sabuwar mota yana iya ɗaga sayen zuwa baɗi ko baɗin baɗaɗa, ya ci gaba da lallaɓa tsohuwarsa. Saboda haka da zarar aljihu ya fara sanyi, cinikin mota na cikin na farko da ke faɗuwa. Na biyu, masana'antar mota tana da ɗawainiyar da ba ta raguwa ko an sayar ko ba a sayar ba: albashin ma'aikata, kula da injuna, wutar lantarki, da kuɗin ruwa na bashin banki. Idan masana'anta ta ƙera mota 50,000 a shekara, wannan ɗawainiya za ta rabu a kan 50,000. Idan ta ƙera 5,000 kacal, kowace mota za ta ɗauki ninki goma na nauyin. Shi ya sa raguwar ciniki da kashi 20 ko 30 cikin 100 kan iya mayar da riba mai tsoka ta koma asara.

Kaduna a shekarun yalwa

An yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, a 1972, a matsayin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Nijeriya da kamfanin Peugeot na Faransa. Masana'antar ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A wannan shekara ce kuma Volkswagen ta fara haɗa motoci a Legas. Daga baya aka ƙara masana'antu huɗu na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da Marsandi a Inugu.

Lokacin kuwa kuɗi na yawo. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, sannan ga ƙarin albashin Udoji da ya cika aljihun ma'aikata. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a watan Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mai da Fijo 504 motar jami'an gwamnati. Daga nan 504 ta zama motar kowa: ta babban sakatare, ta alƙali, ta shugaban makaranta, da ta direban haya mai ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri. Ga kuma akori-kura mai kai kaya kasuwannin ƙauye. A farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna ta kai ga haɗa mota kusan 60,000 a shekara, kuma Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Peugeot a wajen Turai.

Sai dai akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba a lokacin. Injin motar, da giya, da mafi yawan gangar jikinta, duk daga Faransa ake kawo su a akwatuna, a ɗaure su a Kakuri. Hasali ma, saboda cunkoson da jiragen siminti suka haddasa a tashar jiragen ruwa ta Legas a 1975, an yi shekaru ana ɗauko waɗannan kayayyaki ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a ƙarasa da su Kaduna. Ka ji irin yalwar da ake ciki: ƙarfen mota a jirgin sama! Ma'anar wannan ita ce masana'antar tana sayen kaya da kuɗin waje, tana sayar da mota da naira, kuma babbar mai sayen ita ce gwamnati da ma'aikatanta. Kuɗin wajen daga mai yake fitowa, kuɗin gwamnatin ma daga mai yake fitowa. Ƙafafun masana'antar duka biyu a kan ganga ɗaya suke tsaye.

Jidda a daidai wannan lokaci

A nan Jidda labarin ya ɗauki wata hanya daban. Marigayi Abdul Latif Jameel ya fara kasuwanci a 1945 da ɗan ƙaramin gidan mai. A 1955 ya zama wakilin Toyota a Saudiyya, kuma odarsa ta farko motoci huɗu ce kacal, irin masu shiga rairayi. Da arzikin mai ya zo a shekarun 1970, kamfaninsa ya bazu a faɗin ƙasar da wuraren sayarwa, da garejin gyara, da rumbunan kayan gyara, sannan ya shigo da tsarin sayar da mota bashi, a riƙa biya wata-wata. Bai gina masana'antar ƙera ƙananan motoci ba. Jirgin ruwa ke kawo su a haɗe daga Japan, a sauke a tashar Jidda. Wadda ta yi kama da tamu ita ce masana'antar haɗa manyan motocin Marsandi da iyalan Juffali suka kafa a Jidda a tsakiyar shekarun 1970, tare da kamfanin na Jamus.

Wato a shekarun yalwa, mu mun zaɓi haɗawa, su kuma a ɓangaren ƙananan motoci sun zaɓi dillanci. A takarda zaɓinmu ya fi kyau, domin ya samar wa dubban mutane aiki, ya kuma koya wa matasa sana'a. Gwajin gaskiya kuwa bai zo ba sai da ganga ta karye.

Shekarar 1986

Tun daga 1981 kasuwar mai ta fara sanyi. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya, lasisin shigo da kaya ya zama zinare. Masana'antun haɗa motoci suka fara tsayawa na makonni saboda akwatunan kaya ba su iso ba. Gwamnatin Janar Buhari ta gwada musayar ɗanyen mai da kaya, ciki har da kayan haɗa motoci, amma hakan bai warkar da ciwon ba.

Saudiyya ma ta ji jiki, ba kaɗan ba. Man da take haƙowa ya sauko daga ganga kusan miliyan 10 a rana a 1981 zuwa ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 1985. Kuɗin shigarta na mai ya faɗo daga sama da dala biliyan 100 a 1981 zuwa ƙasa da biliyan 20 a 1986, shekarar da farashin ganga ya taɓa sauka ƙasa da dala 10. A wannan shekara Sarki Fahd ya ɗage gabatar da kasafin kuɗi, kuma a watan Oktoba ya sauke ministan mai, Ahmad Zaki Yamani. Ayyukan gine-gine suka tsaya, baƙi ma'aikata da dama suka koma ƙasashensu. Bugu da ƙari, bayan yarjejeniyar Plaza ta Satumban 1985 kuɗin Japan ya yi tsada, daga kusan yen 240 a dala ɗaya zuwa kusan 150, saboda haka motar Japan ta ƙara kuɗi a daidai lokacin da masu saye suka ragu. Dillalan Jidda sun ɗanɗana kuɗarsu.

To amma a wannan shekara ɗaya ƙasashen biyu suka ɗauki matakai mabambanta a kan kuɗinsu. A watan Yunin 1986 Saudiyya ta tsayar da riyal a kan 3.75 a dala ɗaya, kuma har yau a nan yake. Ta iya yin haka ne domin ta tara ajiya mai yawa a waje lokacin yalwa, ga kuma ƙarancin jama'a. Nijeriya kuwa bashi ta tara. A watan Yulin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, kuma a watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Dalar da ake saye a kan kwabo 55 a 1980 ta haura naira 4 a gwanjon farko, ta kai kusan naira 22 a 1993.

Bari in kawo misali don a ga tasirin abin. A ce akwatin kayan mota ɗaya dala 5,000 ne. A 1980 naira 2,750 za ta saye shi. A gwanjon farko na 1986 sai an kai sama da naira 20,000. A 1993 kuwa sai naira 110,000. Shi kuma mai saye fa? Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne a wata, kimanin dala 200. A 1991 an ninka shi zuwa naira 250, amma a lokacin bai wuce dala 25 ba. Malamin sakandare da a da yake karɓar bashin mota ya sayi sabuwar Fijo, ya koma neman babur. Gwamnati ma ta rage saye. Haɗa motoci a Kaduna ya faɗo zuwa ƙasa da 10,000 a shekara a cikin shekarun 1990, alhali ginin da injunan da bashin suna nan yadda suke. Volkswagen ta Legas ta daina aiki, masana'antun manyan motoci ma suka shiga mawuyacin hali.

Shi kuwa dillalin Jidda, idan ciniki ya ragu sai ya rage oda. Ba shi da layin haɗa mota da zai ciyar. Haka kuma duk motar da ba a canja ba tana buƙatar birki da kuloci da taya, saboda haka abin da ya rasa a wurin sayarwa yana samun wani ɓangarensa a gareji. Wanda ba shi da kuɗi a dunƙule kuma ana ba shi a kan biyan wata-wata, kuma riyal ɗin da zai biya baɗi daidai yake da na bana.

Zamanin Kwatano

Buƙatar mota ba ta mutu a Nijeriya ba, kuɗin sabuwa ne ya gagara. Nan da nan tsofaffin motocin Turai suka cike giɓin, ana sauke su a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin, a shigo da su ta iyakokin ƙasa, wasu ta Nijar su ɓullo ta Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina. "'Yar Kwatano" ta zama suna. Kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano suka cika da tsofaffin injuna, kanikawa suka koma koyon Honda da Toyota da Golf.

A 2003 gwamnati ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon saya musu motocin ofis, wanda ya ƙara rage babbar kasuwar PAN. A tsakiyar shekarun 2000 aka daina haɗa 504 a Kaduna, bayan shekara kusan 30. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors, kuma a 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashin bankuna. Masu yi wa masana'antar hidima su ma suka bi sahu: Michelin ta rufe masana'antar taya ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Legas ta biyo baya a 2008. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda aka ƙulla yarjejeniyar gina shi da Tarayyar Sobiyet a 1979, bai taɓa samar da farantin ƙarfen da za a yi gangar mota da shi ba. Duk wanda ya san Kakuri a da, lokacin da jiniyar masaƙu da ta Fijo ke fitar da dubban ma'aikata da yamma, in ya je yau zai yi shiru.

Manya ma sukan faɗi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo namu ne kaɗai. A rikicin kuɗi na 2008 da 2009, cinikin motoci a Amurka ya faɗo daga kusan miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 10.4 a 2009. Chrysler ya bayyana karyewarsa a ƙarshen Afrilun 2009, General Motors ya biyo baya ranar 1 ga Yuni, kuma sai da gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala biliyan 80 kafin masana'antar ta miƙe. Ford ne kaɗai a cikin manyan uku bai karye ba, domin tun 2006 ya jinginar da kadarorinsa ya ciyo bashin sama da dala biliyan 23 ya ajiye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Toyota kansa ya yi asarar yen biliyan 437 a shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2009. Jamus ta riƙa ba duk wanda ya ba da tsohuwar motarsa aka rushe yuro 2,500 don ya sayi sabuwa. Uwar kamfanin Peugeot ta yi asarar yuro biliyan 5 a 2012, har sai da gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka sayi hannun jari a cikinsa a 2014.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan kamfanoni sun tashi bayan faɗuwa, domin suna da saiwa: masu yi musu ƙarfe da gilashi da waya suna gida, bankuna na ba jama'a bashin mota, gwamnatocinsu kuma na ganin mutuwarsu a matsayin asarar ƙasa.

Saudiyya ma ta sake shiga irin wannan gwaji. Farashin mai ya sauko daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a Janairun 2016. Aka ƙara kuɗin fetur, aka sa wa baƙi harajin iyali a 2017, aka fara harajin saye na kashi 5 cikin 100 a Janairun 2018. Cinikin sababbin motoci ya faɗo daga sama da 800,000 a 2015 zuwa kusan rabin haka a 2018. Duk da haka manyan dillalan Jidda ba su rufe ba, kuma kasuwar ta farfaɗo daga baya, musamman da aka ba mata izinin tuƙi a watan Yunin 2018.

Darasin Koriya

Shin ma'anar wannan ita ce dillanci ya fi ƙira? A'a. Dillali yakan tsira, amma ribar ƙira da iliminta suna can Japan. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne Koriya ta Kudu. Hyundai ma da haɗa motar wani ya fara, wato Ford Cortina, a 1968. Amma ƙasar ta kammala masana'antar ƙarfe ta Pohang a 1973, ta kuma matsa wa kamfanoninta su riƙa yin kayan mota a gida. A ƙarshen 1975, shekarar da Kakuri ta fara aiki, Hyundai ya fitar da motarsa ta kansa mai suna Pony. A 1986, shekarar da SAP ya same mu, shi kuma ya fara sayar da Excel a Amurka. Da yake yana sayarwa a waje yana samun dala, rahusar kuɗin ƙasarsa taimakonsa take yi. Yau a titunan Jidda, in ka cire Toyota, babu motar da ta kai Hyundai yawa.

Saudiyya ta fahimci haka, shi ya sa ta shiga harkar ƙira. A Satumban 2023 kamfanin Lucid, wanda asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ke da mafi yawan hannun jarinsa, ya buɗe masana'antar motoci masu amfani da lantarki a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, arewa da Jidda kusa da Rabig. Da me ya fara? Da haɗa kayan da ake kawowa daga Arizona ta Amurka, mota 5,000 a shekara, kuma kamfanin ya yi asarar sama da dala biliyan 2 a 2023, haka ma a 2024. Wato su ma suna kan matakin da muka taka a 1975, da kuɗin mai a bayansu. Idan suka gina masu yin batir da ƙarfe da sauran kaya kafin ganga ta sake karyewa, za su bi hanyar Koriya. Idan kuwa suka tsaya a kan ɗaure kusoshi, to, tarihin Kakuri na nan yana jiransu. A gida ma, a 2022 an fara haɗa Peugeot a wata sabuwar masana'anta a hanyar Kaduna zuwa Abuja, haɗin gwiwar Dangote da Stellantis da gwamnatocin Kaduna da Kano. Tambayar da ta dace a yi musu ita ce ta 1975: kashi nawa na motar ake yi a gida, kuma wa zai saya idan gwamnati ta daina?

Kammalawa

Na koma sina'iyya na samu dattijon nan yana shan shayi bayan La'asar. Na ce masa, "Baba, faɗuwar mai ita ta kaɗa bishiyar, amma dama saiwarta ba ta shiga ƙasa ba. Injin na Faransa ne, dalar ta mai ce, mai sayen kuma gwamnati ce." Ya yi murmushi ya ce, "Ai mu mun sani tun muna yara, kayan aro ba ya rufe katara. Mu a Panteka abin da muka rasa mukan ƙera shi da hannu, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu."

Maganarsa ta tsaya mini a rai. A cikinmu akwai masu karatun injiniya, da tattalin arziki, da harkar banki ta Musulunci, a Jidda da Riyad da Alƙahira da Kuala Lumpur da sauran wurare. Ƙasarmu na buƙatar wanda zai iya yin baturi da birki da gilashi, da wanda zai tsara wa malami da ɗan kasuwa hanyar sayen mota a biya a hankali ba tare da riba ta haram ba, da wanda zai rubuta manufar da ba za ta canja da canjin gwamnati ba. Idan muka koma gida, mu tuna da masu sana'ar Panteka da Ƙofar Ruwa, mu je mu tambaye su.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mai da mu gida lafiya, Ya kuma sa al'ummarmu ta ci moriyar abin da muka koyo.